Waƙar Wani a Cikin Shirinka: Faɗakarwa Daga Tashar Basam

 Gaisuwa ta musamman ga mutanenmu na tashar Basam a Tireshbil, direbobi da yaran mota da 'yan kamasho, da masu abincin garba da masu shayi na gefen tasha, har zuwa 'yan uwa na Ajame da ke cikin hayaniyar motocin haya na gbaka da woro-woro tun asuba. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare hanya.

Zancenmu na yau da samari ne da 'yan mata, amma iyaye ma su kasa kunne, don ba mamaki wayar da ake wannan aiki da ita su suka saya. 'Ya'yanmu a nan Abijan sun shiga harkar fodkas, wato shirin murya da mutum yake naɗa da kansa ya ɗora a intanet, mai so ya saurara lokacin da ya ga dama. Wani yana sharhin ƙwallo, wani yana hira da dattawan da suka zo Kodebuwa daga Tawa ko Maraɗi ko Katsina tun zamanin shugaba Ufet-Bwanyi, wata tana koyar da girki ko zaman aure. Abin sha'awa ne, kuma ina murna da shi. Sai dai kusan duk wanda ka kunna, da waƙar wani yake buɗewa: Shata ne, ko Hamisu Breaker, ko Magic System, ko DJ Arafat. Tambayar ita ce, wa ya ba da izini?

In ka tambayi yaron, amsar a bakinsa take. “Kawu, ai saya na yi. A kasuwar Bilak ta Ajame aka zuba mini a katin waya, kuma na biya.” To, mu ajiye maganar ko shi mai zubawar yana da izini, don wannan wata rigima ce ta daban. Mu ɗauka ma ka saya ta halattacciyar hanya, ko kana biyan kuɗin wata a Spotify ko Boomplay. Ku mutanen tasha kun fi kowa gane wannan: fasinjan da ya yanki tikitin Basam ko Abwaso, kujera ya biya. Tikitin bai ba shi damar ya karɓi makulli ya fara lodin nasa fasinjojin ba. Kuɗin da ka biya na sauraro ne, kai da iyalinka. Ranar da ka ɗauki waƙar ka cusa a shirinka ka watsa wa duniya, lodi ka fara da motar wani.

Yanzu ku natsu, don a nan ne mutane suke ruɗewa. Kowace waƙa da ke cikin wayarka haƙƙi biyu ne a kanta. Na farko na wanda ya ƙirƙiri baitoci da karin, wato mai waƙar da wanda ya tsara kiɗan. Na biyu na naɗin ne kansa, wannan muryar da aka ɗauka a sutudiyo rana kaza, kuma yawanci yana hannun wanda ya zuba kuɗin naɗin, furodusa ko kamfani, tare da rabon mawaƙin da makaɗan da suka yi aikin. Wani lokaci mutum ɗaya ne yake riƙe da duka biyun. Sau da yawa ba haka ba ne. A Kano, mawaƙi yakan sayar wa furodusan fim waƙa ɗungurungum, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. In ka buga masa waya ya ce maka “ba komai, ɗan'uwa, sa abinka,” ya yi maka kara, amma mai yiwuwa ya ba ka abin da ya riga ya fita daga hannunsa. Haka ma a nan. Kamfanin Universal ya buɗe ofishinsa na Afirka a Abijan a 2018, kuma faifan DJ Arafat na wannan shekarar, Renaissance, ta hannun kamfanin ya fito. Arafat ya rasu a watan Agustan 2019 bayan hatsarin babur, amma haƙƙinsa bai bi shi kabari ba, yana nan tsakanin magada da kamfani.

Wani zai ce, to ku 'yan rediyo fa? Kuna sa waƙoƙi dare da rana, kuna bin kowane mawaƙi gida ne? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ce ginshiƙin shirin nan.

A'a, ba ma bin su gida. Akwai hukumar da take tsaya musu. A Kodebuwa sunanta BURIDA, an kafa ta a 1981, ofishinta yana Kokodi, unguwar Deux Plateaux. Gidan rediyo yana biyan ta, maki, wato wurin cin abinci da shaƙatawa, da otal da gidan rawa suna biyan ta, ita kuma ta raba wa masu haƙƙi. A Nijar takwararta BNDA ce, a Nijeriya akwai ƙungiyar MCSN, ƙarƙashin sa idon hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC. Asalin irin wannan tsari ma daga wurin shaƙatawa ya taso. A 1847, a birnin Faris, wani marubucin waƙa mai suna Ernest Bourget ya zauna a wani gidan shan abin sha ya ji ana rera waƙarsa ana cinikin jama'a da ita. Da aka kawo masa lissafin abin da ya sha sai ya ce ba zai biya ba, tunda su ma ba su biya shi ba. Magana ta kai kotu, ya yi nasara, kuma daga nan aka kafa ƙungiyar SACEM a 1851. Duk mai maki da yake ƙunƙuni in ma'aikacin BURIDA ya shigo masa da takarda, to ga inda abin ya samo tushe.

Amma rediyo iska ce. Waƙa ta wuce, ta wuce. Ba ka da ikon ka ce a maido maka ita ƙarfe uku na dare. Saboda haka ne yarjejeniyar Roma ta 1961 ta sassauta: faifan da aka fitar kasuwa, ƙasa tana iya barin gidan rediyo ya sa shi ba tare da neman izinin kamfani ɗaya bayan ɗaya ba, muddin za a biya ladan da ya dace. Fodkas kuwa ajiya ce. Ka kwafi waƙar ka haɗe ta da muryarka, ka ɗora, kowa ya sauke a wayarsa, yau ko baɗi, a Ajame ko a Jidda. Yarjejeniyoyin da aka ƙulla a Janeba a 1996 saboda zuwan intanet sun ware wannan a matsayin haƙƙi na daban: ajiye abu inda kowa zai ɗauka a lokacin da ya so, sai da yardar mai shi. Ba sassaucin rediyo a nan. Shi ya sa za ka ga manyan gidajen rediyon duniya, in sun ɗora shirinsu don a sauke, sukan datse waƙoƙin ko su rage su ƙwarai. Ba rowa ba ce, lasisinsu ne bai kai can ba.

Dokar da ke aiki a Kodebuwa yanzu ita ce ta 26 ga Yulin 2016. A ƙarƙashinta haƙƙin mai ƙirƙira yana nan tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Tsohuwar dokar 1996 ma shekara 99 ta bayar. A Nijeriya, dokar 2022, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ma shekara 70 ta ce ga baitoci da kari, shi kuwa naɗin shekara 50. To ku yi lissafi da ni. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, waƙoƙinsa suna hannun magadansa har ƙarshen 2069. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Ɗanmaraya Jos a 2015. Babu ɗaya daga cikinsu da waƙarsa ta zama ta kowa da kowa tukuna. Ko da wani tsohon faifan ya haura shekara hamsin ɗin, baitocin da ke cikinsa ba su fita ba.

Na san wannan yana yi wa kunnen Bahaushe nauyi. Mun taso a al'adar da makaɗi yake cin abinci daga hannun ubangida: ya yi wa sarki ko attajiri waƙa, a ba shi doki, a ba shi riga, daga baya mota da kujerar Makka. Waƙar kuma ta shiga gari, kowa ya rera. Ba wanda ya taɓa tunanin biyan Shata don ya rera waƙarsa a gona, kuma har gobe ba wanda zai ce ka biya. Amma a wancan zamani ba wanda yake samun kuɗin talla a kan muryar makaɗi alhali shi yana kwance a gida. Yau ana samu. Jikokin wasu daga cikin manyan makaɗanmu suna kallon muryar kakansu tana tara wa baƙi dubban masu kallo, su ko sisi. A ganina wannan ba kara ba ce ga marigayin, ko da mai shirin ya cika baki da cewa raya al'ada yake yi. Ga mai neman hujja ta addini kuma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a take karewa, bai halatta a taka shi ba. Wannan ya shafi ƙasidun bege da karatun alaramma da aka naɗa, ba waƙar fiyano kaɗai ba.

Har waƙoƙin da ba a san mai su ba, irin na gaɗa da na daɓe da na reno, dokokin Kodebuwa da Nijeriya sun sa su ƙarƙashin kulawar hukuma a matsayin gadon al'umma. Wanda zai yi kasuwanci da su ya kamata ya fara tambaya.

Akwai wasu maganganu da suke yawo a bakin samari kamar karatu. Na farko, wai in bai wuce daƙiƙa talatin ba, ba laifi. Ba wata doka a Kodebuwa ko Nijar ko Nijeriya, ko ma Amurka, da ta faɗi haka. Ku tambayi tarihin Manu Dibango, ɗan Kamaru mai busa, wanda ya zauna a nan Abijan a shekarun 1970 yana jagorantar makaɗan gidan rediyo da talabijin na ƙasa. Ya fitar da Soul Makossa a 1972. Shekara goma bayan haka Michael Jackson ya ɗauki ɗan amshi daga ciki, 'yan gaɓoɓi kawai, ya sa a ƙarshen wata waƙa ta faifan Thriller. Dibango ya kai ƙara, kuma sai da aka biya shi aka sasanta a wajen kotu. In mawaƙin da ya fi kowa suna a duniya a lokacin bai sha da 'yan gaɓoɓi ba, kai da wane ƙarfi?

Gaskiya ne doka ta bar ƙofa ga ɗan tsakure. In shirinka sharhi ne a kan waƙar kanta, kana nazarin yadda Ɗanƙwairo yake jera kirari, ka sa ɗan guntu don a ji abin da kake nufi, ka faɗi sunan mai shi, wannan yana da mafaka a doka. Amma waƙar da ka sa don buɗe shiri, ko tana tashi a ƙarƙashin muryarka don daɗin kunne, ba sharhi ba ce, ado ce. Kuma ita wannan mafakar alƙali ne yake auna ta, ba kai ba.

Na biyu cikin maganganun samarin, wai “na rubuta sunansa a ƙasa, na ce waƙar ba tawa ba ce.” Faɗin sunan mai waƙa wajibi ne, amma ba ya zama izini. Rubuta cewa ba taka ba ce ma shaida ce ka bayar a kan kanka. Na uku, wai “ni ba kuɗi nake samu ba.” Rashin riba yana iya rage abin da za a ci ka, bai wanke ka ba, kuma ranar da mai shagon atamfa na Ajame ya ba ka jaka biyar ka ambaci shagonsa, wannan hujjar ma ta tafi. Sai masu cewa ai a TikTok ana sa waƙa kyauta. E, don kamfanin ya biya lasisin amfani da ita a cikin manhajarsa. Ka fitar da ita daga can ka kai fodkas, lasisin bai biyo ka ba.

Me zai faru in ka yi kunnen uwar shegu? In faɗa muku gaskiya, da wuya ɗan sanda ya zo tasha nemanka. Na'ura ce za ta kama ka. Tun 2007 YouTube yake da wani tsari mai suna Content ID, wanda yake sauraron duk abin da aka ɗora yana gwada shi da waƙoƙin da masu haƙƙi suka yi wa rajista. In ya ji waƙar wani, mai ita yana da zaɓi: ya toshe shirin, ko ya bar shi kuɗin tallar ya riƙa zuwa aljihunsa. Ka yi hirar awa ɗaya da dattijo, ka kashe kuɗin mota da na data, ribar ta tafi ga wani saboda minti ɗaya na waƙa. In kuwa mai haƙƙi ya shigar da ƙorafi a hukumance aka sauke shirin, an yi maka gargaɗi ɗaya ke nan. Uku suka taru cikin kwana 90, ana iya rufe tashar gaba ɗaya, da masu bibiyarka da duk abin da ka tara. Facebook yakan kashe sautin. A Amurka, a watan Fabrairun 2025, ƙungiyar kamfanonin da ke riƙe da haƙƙin marubuta waƙa ta aika wa Spotify buƙatar a sauke shirye-shiryen fodkas masu ɗauke da waƙoƙi ba izini, wurare sama da 2,500 a zubin farko kawai. Abin takaicin shi ne ba a kama ka lokacin da mutum ashirin suke sauraronka. Sai shirin ya yi suna ake waiwayo shi, a bi tsofaffin fitowa ɗaya bayan ɗaya.

To ina mafita? Waƙoƙin manyan taurarin waje, ku cire rai. Sai ka nemi kamfanin faifai, ka nemi kamfanin da ke riƙe da baitoci, wataƙila uku ko huɗu, kowa da farashinsa, kuma yawancinsu ba za su amsa wasiƙar ƙaramin shiri ba. In waƙar ɗan Kodebuwa ce, fara da BURIDA. Je da bayanin shirinka a rubuce, ka ce fodkas ne, ana saukewa, ga inda kake ɗorawa, akwai talla ko babu. Ka tambaye su kai tsaye: takardar da za ku ba ni, ta ƙunshi naɗin ma, ko sai na ga furodusa? Kada ka fita sai ka ji amsar wannan, kuma ka adana rasit.

Mu Hausawa muna da wata dama da ba kowa ke da ita ba: mawaƙanmu ana samunsu. Da ɗan ƙoƙari za ka kai ga mawaƙin Kano ko Kaduna ko Damagaram, ko manajansa, ko magadan marigayi. Ka yi sallama, ka gabatar da kanka, ka faɗi buƙatarka. Amma kada a tsaya a “ba komai.” A rubuta. Sunan waƙar, wane ɓangare za ka ɗauka, a wane shiri, fitowa nawa, har zuwa yaushe, da cewa duniya duka za a ji, tunda intanet ba ta san iyakar Nowe ko ta Jibiya ba. A rubuta abin da ka biya, ko da kyauta ce a rubuta kyauta ce. Sannan ka yi masa tambaya biyu da mutane suke mantawa: wa ya buga kiɗan a sutudiyo, ya yarda? Kuma ka ba wani kamfani waƙar ya raba maka a intanet? In ya bayar, na'urar YouTube za ta kama ka duk da izininka, sai ka nuna takarda ko shi ya sa a cire sunan tasharka daga tarkon. Dokar Nijeriya ta yarda da izinin baki in ba kai kaɗai aka keɓe wa waƙar ba, amma ranar da aka yi gardama, muryar da ka ji a waya bara ba za ta tsaya maka ba. Saƙon WhatsApp da ya fayyace komai ya fi babu, takarda mai sa hannu ta fi shi.

Akwai kuma kiɗan da aka yi shi musamman don irin wannan aiki. YouTube yana da rumbun kiɗa na kyauta ga masu tasha. Akwai kamfanoni irin Epidemic Sound na ƙasar Suwidin da ake biya wata-wata. Akwai masu sakin kiɗansu da lasisin Creative Commons, wanda ya fara aiki a 2002, sai dai a karanta sharaɗin: alamar BY tana nufin ka faɗi sunan mai shi, NC tana nufin ban da kasuwanci, don haka shiri mai talla ya kauce mata. Matsalar waɗannan rumbuna ɗaya ce, da wuya ka sami kalangu ko gurmi a ciki, kuma shirin Hausa da ya buɗe da kiɗan da ake ji a tallar sabulun Turai, ni dai ba ya shiga raina.

Shawarar da na fi ba ƙannena ita ce wannan: ka sa a yi maka naka. A nan Abijan, a Tireshbil da Ajame da Kumasi da Abobo, akwai masu kalangu da suke kiɗan biki duk ƙarshen mako, akwai masu gurmi, akwai samari masu ƙaramin sutudiyo a ɗaki ɗaya da fiyano da kwamfuta. Ka ɗauki mai kalangu ka kai shi sutudiyo, a naɗa maka daƙiƙa ashirin na buɗewa, da goma na rufewa, da ɗan gajere na tsakiya. Ka biya shi, ka biya mai sutudiyo, su biyun su sa hannu cewa kiɗan na shirinka ne, kana iya amfani da shi a ko'ina, da talla ko ba talla, kuma ba za su yi masa rajista a Content ID a bayan idonka ba. In ɗayansu ɗan BURIDA ne ya faɗa maka tun farko, don wanda ya yi rajista ya riga ya damƙa wa hukumar kula da wasu haƙƙoƙinsa, sai a sanar da ita. Ka riƙa faɗin sunan makaɗin a ƙarshen kowace fitowa. Kari ne sabo za a yi maka, ba a kwaikwayo na Shata ko na wani ba, don sake buga waƙar wani da hannunka ya raba ka da mai naɗi ne kawai, mai baitoci da kari yana nan yana jiranka.

Su kuma mawaƙanmu da ke zaune a nan, masu waƙar biki da masu bege da masu hip-hop na Hausa, ku je ku yi rajistar ayyukanku. Hukumomin nan suna tura wa juna kuɗi tsakanin ƙasa da ƙasa bisa yarjejeniya, amma ba a raba wa sunan da ba ya cikin littafi.

Wanda kuma ya riga ya ɗora fitowa talatin da waƙar mutane a kai, kada ya jira gargaɗi. Ya koma kan ainihin naɗin da ke kwamfutarsa, ya cire waƙar, ya sa sabon kiɗan, ya sake ɗorawa. A yawancin manhajojin fodkas ana iya musanya sautin ba tare da an rasa masu sauraro ba, a YouTube kuma akwai wurin datse ɓangaren da aka yi ƙorafi a kai ko a kashe sautinsa.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.